Sunan da Hajiya Yelwa Ba Ta Faɗa

A jami'ar da ke Gadau, ɗalibai sun san Farfesa Khalil da abu biyu: tsohuwar motarsa da sai an lallaɓa take tashi, da kuma taurin kai wajen sa hannu. Mutumin Azare ne, ɗan mai gyaran keken ɗinki. Ya yi karatu a Zariya da Malesiya, ya ƙware a harkar ƙera manhaja, wato tsarin da ke sarrafa kwamfuta da waya. An so riƙe shi a can, ya ce shi dai gida zai koma. Darasinsa bai taɓa canzawa ba: idan mutum ya kasa amfani da manhajarka, kada ka kira shi baƙauye, aikinka ne bai nuna ba.

Jannatu, ɗalibarsa mai neman digiri na uku, ta haddace wannan magana, amma ba ta ɗanɗana ɗacinta ba sai da ta zo kanta. Manhajarta ta rigakafin yara ce. Uwa za ta kira lamba, murya ta ce mata ta faɗi sunan yaron, sai a sanar da ita ranar kai shi asibiti. An gwada a Disina da Dagauda, abin ya yi kyau, sai dai wasu matan da an tambayi sunan sai su yi shiru, su kashe waya.

Lokacin kare digiri ya ƙarato, kuma wanda ya kuskure sai baɗi. Jannatu kuwa hutun karatunta ya ƙare, wurin aikinta sun ce ba ƙari. Abokanta suka ba ta shawara ta cire waɗannan kiraye-kiraye, ta rubuta cewa matsalar layi ce. Ta kai wa Farfesa haka. Ya karanta, ya tura mata takardun, ya ce ba zai sa hannu ba sai ta gaya masa su wane ne matan nan. Ranar ta ji haushinsa ƙwarai, har ta yi kuka a cikin motar haya.

Amma mutumin bai bar ta da kayan ita kaɗai ba. Ranar Asabar, da wasu ke hutawa, ya zauna da ita suna sauraron kiran ɗaya bayan ɗaya. Ana jin numfashin mace, ana jin kaji a tsakar gida, wani lokaci har da 'yar dariyar kunya. Layi lafiyarsa ƙalau. Can sai ya cire tabarau, ya tambaye ta yaran nan na nawa ne a wurin iyayensu. Ta duba. Kusan dukkansu 'ya'yan fari ne.

Farfesa ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Shi ma ɗan fari ne. Ya haura hamsin bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba, domin uwa mai alkunya ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Hajiya Yelwa “mai boko” take ce masa, ko ta ce “wancan”.

“Mun sa injin yana neman abin da uwa ba za ta iya bayarwa ba,” in ji shi. “Ki juya shi. Shi ya faɗi sunan, ita ta amsa.”

Jannatu ta duƙufa, ta sake tsarin yadda manhajar za ta gane lambar mai kira, ta karanto sunayen 'ya'yanta. Da ta gama, ya ce har yanzu da saura, sai an gwada da mace mafi alkunya da ya sani. Suka nufi gidan su Farfesa a Azare.

Hajiya Yelwa na zaune a tabarma tana tsince wake. Ta ce ita me ya haɗa ta da rigakafi, autanta ma ya yi furfura. Jannatu ta durƙusa ta roƙe ta, ta ce digirinta na hannun Hajiya. An riga an shigar da sunayen 'ya'yanta don gwaji. Tsohuwa ta karɓi wayar da yatsu biyu, ta kara a kunne. Farfesa ya koma bakin ƙofa ya tsaya, kamar yaron da aka aika.

Murya ta tambaya: “Khalil ne?”

Hajiya ta kau da kai daga ƙofa, ta gyara mayafi.

“Shi ne,” ta ce a hankali. “Nawa ne.”

A kan murfin motarsa Farfesa ya sa hannu, a ƙofar gidan. Jannatu ta yi godiya za ta tafi, sai ya kira ta, yana kallon wani wuri daban. Ya tambaya ko manhajar ta ajiye muryar. Ta ce ta ajiye. Ya ce ta turo masa.