Geron Da Na Karɓa A Madadin Yaya

Ni dai ba a kwaleji na koyi Turanci ba. Daga sakandare na tsaya, na zauna a shagon cajin waya da turin fina-finai na wani maigidana, kusa da tasha a nan Daura. In babu kwastoma sai in kunna fim, in kashe murya, in yi ta karanta rubutun da ke wucewa a ƙasa, sannan in mayar baya in ji yadda suke faɗa. Har yanzu akwai kalmomin da na san ma'anarsu sarai, amma in na furta sai Yayana ya riƙe ciki don dariya. Ban damu ba. Ina son abin nan kamar me. In na gano wata sabuwar hanya da mutum zai ci abinci da Turanci, ba ta iya kwana a cikina, sai na faɗa wa wani, ko da mai shayin gefenmu ne.

Yaya shi ne ya yi kwalejin. NCE ya yi a Turanci. Babanmu dillalin dabbobi ne a kasuwar Mai'adua, ya sha faɗi-tashi kafin Yaya ya gama. Da ya gama kuma babu aiki, sai ya yi abin da abokansa da yawa suka yi, ya zama malamin sa-kai a wata firamare, a wani ƙauye gaba da Sandamu. Babu albashi. Kana koyarwa ne kana jiran ranar da za a ɗauki malamai, ko Allah zai sa a tuna da kai. Mai unguwar ƙauyen ya ba shi ɗaki, sai ƙarshen mako yake dawowa gida.

Duk ranar da ya dawo kuwa, sai na tare shi tun bai cire takalmi ba.

"Yaya, wallahi wasa kake yi da takardarka. Gidajen rediyo suna neman mai juya labarai daga Turanci zuwa Hausa. Masu fim a Kano suna neman mai sa musu rubutun Turanci a ƙasa, ka ga irin kwaɓar da ake rubutawa kuwa? Ga ƙungiyoyin da ke zuwa rigakafi, tafinta suke nema. Ga lesin na masu jarrabawa. In ma duk ba ka so, ka koma ka ƙaro digiri."

"To, Farfesan caja," in ji shi, "a bar ni in sha ruwa tukuna."

Wata rana har na ce masa ya je Kongolam ya yi tafinta a bakin iyaka. Ya kalle ni ya ce, "Na wancan gefen Hausa suke yi kamar mu, jami'ansu kuma Faransanci. Wa zan yi wa tafinta, raƙuma?" Na ji kunya, amma kashegari na zo masa da wata.

Ana cikin haka na ga sanarwa a wani gurup na waya, wani gidan rediyo a Katsina yana neman mai fassara labarai. Na manne masa. Ya ce shi bai san kowa ba a can, na ce gwaji za a yi, ba sanayya ba. Muka fara atisaye a soron gidanmu. In kunna masa labaran Turanci a waya, in tsayar, shi kuma ya mayar da su Hausa nan take. A nan na san Yaya ya iya. Ni in na fassara, sai ka ji Turancin yana leƙowa ta ƙarƙashin Hausar. Shi kuwa sai ka rantse da Hausa aka fara rubuta labarin.

Lokacin kaka aka kira shi gwajin. Bai gaya wa kowa a ƙauyen ba, ya ce sai ya ga abin da hali ya yi. Ya kulle ɗakinsa ya tafi Katsina.

Yana can, da hantsi, na dawo gida ɗaukar wani abu, sai na tarar da amalanken shanu a ƙofar gidanmu, maƙare da dammunan gero. Wani dattijo ya ce shi ƙanen mai unguwa ne, sun je ɗakin Malam sun tarar a kulle, shi ya sa suka biyo shi gida. Baba yana kasuwa, Inna tana ciki. Ni ne namijin da ke nan.

"Na Malam ne," in ji dattijon. "Kowane gida mai yaro a makaranta ya sa hannu."

Daɗi ya kama ni. Na ce a raina, ashe ana ganin wahalar Yaya. Na ce musu ya je Katsina ne, suka ce Allah ya dawo da shi lafiya. Na tuɓe riga na taya su saukewa, na kawo musu ruwa, na yi ta zuba godiya har da ta Turanci don in ba su dariya. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce, "To, mun gode da aka karɓa." Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mai bayarwa ne yake godiya ba.

Inna ma ta yi murna. A ranar ta sa aka sussuke dami, aka daka, kashegari muka sha fura da sabon gero.

Yaya ya dawo da fara'arsa. An ɗauke shi na gwaji, mako mai zuwa zai fara, in ya yi kyau a tabbatar da shi. Yana shigowa soro ya ga dammunan a jingine, sai ya tsaya cak.

"Wannan fa?"

"Naka ne! Mutanenka suka kawo."

"Wa ya karɓa?"

"Ni mana."

Ya zauna a kan benci. Sannan ya yi min bayani a hankali. A ƙauyen nan geron kaka ba ladan shekarar da ta wuce ba ne. Na shekarar da za a shiga ne. Malamin sa-kai in ya karɓa, ya yi alkawari ke nan zai zauna da yaran har su rubuta jarrabawar shiga sakandare. In ya san tafiya zai yi, sai ya ce a yi haƙuri a mayar, kowa ya gane, hedimasta ya shiga neman wani tun da sauran lokaci. Ba a rubutawa, ba a ma faɗa da baki. Yaya ya sani, ya yi niyyar ya ƙi karɓa in an ɗauke shi. Bai taɓa zaton za su biyo shi har Daura ba. Ni kuwa ɗan birni, na san yadda ake neman aiki a ƙasashen da ban taɓa zuwa ba, ban san wannan ba.

Maimakon in yi shiru, sai na ƙara da wata shawarar. Na ce, "Yaya, ka tafi abinka. Gero ne fa. Mu cike wanda aka taɓa mu mayar musu, shi ke nan." Ya ce ba haka abin yake ba. Na ce haka yake, irin wannan damar ba ta zuwa kullum. Na yi ta magana har ya gaji, ko kuma dai shi ma zuciyarsa tana son ta yarda da ni. Ya aika wa hedimasta saƙo, ya tafi.

Mu kuma muka yi ta ɗage mayar da geron, yau babu mota, gobe shago ya riƙe ni. Gaskiyar magana kunyar zuwa nake ji.

A cikin makonnin nan ne muka ji muryar Yaya a rediyo. Fassara kawai aka ɗauke shi, amma ran nan mai karantawa bai zo ba, aka ba shi wani ɗan guntun labari a kan farashin taki. Inna ta saki muciya ta fito tsakar gida tana kiran maƙwabta ta katanga, "Ku kunna, ku kunna, ga shi nan!" Kafin su kunna ya gama. Ni kuwa a shago na ƙure murya, na hana kowa magana. Ranar ji nake kamar ni na ƙera shi.

Ranar kasuwar Mai'adua ta zagayo, Baba ya dawo da wuri, ransa a ɓace. Ya haɗu da wani mutumin ƙauyen da suka daɗe suna cinikin awaki tare. Mutumin ya gaishe shi, ya ce, "Mun ji Malam a rediyo, Allah ya sanya alheri. Yaran dai suna nan zaune." Daga nan ya kai akuyarsa wurin wani dillalin.

"Gobe za ka kai ni," in ji Baba.

Na goya shi a babur muka tafi. A hanya ina ta tsara abin da zan faɗa. Muka tarar da mai unguwa a ƙofar gidansa, ya aika aka kira hedimasta. Aka shimfiɗa mana tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo, an tambayi gida, an tambayi kasuwa, har an tambayi lafiyar Malam. Baba ya ba da haƙuri, ya ce yaro ne ya karɓa bai sani ba, za a dawo da geron a cike.

Mai unguwa ya yi murmushi. "Alhaji, gero muna da shi, bana Allah ya ba mu. Malamin ne ba mu da shi. Kuma in amalanke ya shigo garin nan da geron da muka fitar, me zan ce wa mutane?"

Hedimasta ya ce da a lokacin aka mayar, da ya samu wani, akwai wata yarinya da ta gama NCE tana nema. Yanzu ta kama a wata makarantar, sauran ma duk sun samu wuri. 'Yan aji shida kuma jarrabawa na tafe, malamin lissafi ne yake haɗa su da 'yan aji biyar yana karanta musu littafin Turanci, shi ma yana cewa Allah ya sa daidai yake faɗa.

Nan na yi wuf na ce, "Ranka ya daɗe, ni zan zo in koyar. Na iya Turanci, wallahi. A gwada ni yanzu."

Hedimasta bai yi min dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ce, "Ɗana, na yarda ka iya. Wace takarda gare ka?" Na ce ta sakandare. Ya ce in masu duba makarantu suka zo daga ofishin ilimi suka tarar da ni a gaban allo, shi za a tuhuma. Ya ce kuma iya Turanci daban, iya riƙe aji daban, Yayana shekaru ya yi yana koyon na biyun.

Baba ya gyara hularsa ya ce, "Zai dawo."

Bai tambayi Yaya ba. Bai kalle ni ba. Aka yi addu'a muka tashi. A hanyar dawowa na buɗe baki zan ce wani abu, Baba ya ce, "Kalli gabanka."

Da yamma ya kira Yaya, ina tsaye a wurin. Maganar ba ta yi tsawo ba. Abin da na ji daga bakin Baba shi ne, "An ci geron mutane a gidana." Can ya ce, "Allah ya yi maka albarka," ya miƙo min wayar. Na kara a kunne, Yaya ya riga ya kashe.

Yaya ya roƙi shugabar sashen labarai ta riƙe masa wurin zuwa bayan jarrabawa. Ta ce tana son aikinsa ƙwarai, amma labarai kullum ake yi, ba ta da yadda za ta bar kujera babu kowa har tsawon watanni. Ta ce in an sake nema ya sake zuwa. Wanda ya zo na biyu a gwajin aka kira.

Har gobe ina nan a kan bakana, duk hanyoyin nan da na lissafa wa Yaya na gaske ne. In ka yi Turanci a kwaleji kada wani ya ce maka allo ne kaɗai naka. Na ga Yaya ya shiga gidan rediyo ba da sanin kowa ba, da kunnena na ji shi. Sai dai yanzu in ɗalibai suka zo caji muka fara hira, nakan fara tambayar mutum a ina yake yanzu, su wa ke jiransa gobe da safe. Wani lokacin ina tambayar sai in katse, in ba shi wayarsa kawai.

Yaya ya dawo daga Katsina, ranar Litinin da sassafe ni na kai shi ƙauyen. Jakarsa a tsakaninmu, da ƙullin garin kunu da Inna ta haɗa masa. Muka wuce Sandamu. Da muka sauka daga kwalta na ce, "Yaya, ka yafe min."

"Me ka yi?"

"Ni na karɓa. Ni kuma na ce ka tafi."

"Kai ka karɓa, ni na tafi. Da ƙafata na hau mota, ba ɗaure ni ka yi ba." Ya leƙa hanya. "Rage gudu, akwai yashi a gaba."

Na so ya zage ni. Na so ya ce min wani abu mai zafi in samu abin riƙewa. Bai yi ba, har yau kuma bai yi ba.

Muna isa bakin makarantar yara suka hango shi, suka taso a guje suna "Malam ya dawo! Malam ya dawo!" Wani ya fizge jakar, wata ta karɓi ƙullin. Ya sauka, ya kakkaɓe ƙurar wandonsa, ya tambaye su wa ya ce su fito daga layi. Na tsaya da babur a kunne, ban san ko in tafi ko in jira ba. Ya juyo ya ce, "Je ka buɗe shago, kada maigidanka ya yi faɗa. Juma'a ka zo da wuri."

Ya shiga aji shida, na ji ƙarar bencina yara suna miƙewa. Na juya babur.