Littafin da Inna Ta Daka a Turmi

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga ka, ya kwasa, na yafe masa. Amma abin da ya faru tsakanina da Innata a kan wani ɗan littafi mai koren bango, wannan kam da shi za a kai ni makwanci.

Zamanin Turawa ne, ana gab da su tattara nasu ya nasu. Na haura arba'in, mijina ya rasu, na dawo gidanmu a Kamarawa wurin mahaifiyata, ina kai daddawa kasuwar Isa. Sai aka buɗe ajin yaƙi da jahilci a gindin wata tsamiya, maza zalla. Na je na shimfiɗa tabarmata a gefe. Wani dattijo mai sayar da fatu ya dube ni ya ce, "Mace mi za ta yi da boko?" Na ce, "Abin da gemunka za shi yi da shi." Daga ranar ba wanda ya sake tambayata.

Malaminmu yana da akwatin ƙarfe cike da ƙananan littattafai, yana ɗaura shi a bayan keke tsakanin Isa da Sabon Birni. Wanda bakinsa ya buɗe a karatu sai a ba shi aro, ya maido ran kasuwa mai zuwa. Doka ɗaya ce: ka ɓatar da littafi, an rufe maka akwati har abada. Ranar da aka fara ba ni, mai fatun nan ya ce a gaban kowa, kafin damina ta fita sai an ga shafukan an ƙunshe daddawa da su. Na haɗiye, na ce mu zuba.

Shekarar nan na yi karatu kamar fara ta sauka gonar gero. Ban zaɓa ba, ban bar komai ba. Na karanta na noman auduga, ni da ko taki ɗaya ba ni da shi na auduga. Na karanta na yadda ake aika wasiƙa a gidan waya, alhali duk wanda na sani a duniya in na ɗaga murya zai ji ni. Na karanta na haƙa masai har sau biyu, na bi gida gida ina yi wa mutane faɗa, har maƙwabta suka fara rufe ƙofa in sun hango ni. Akwai wani mai labarin teku da na so ƙwarai, ko da yake na gaya wa malam ido da ido cewa kifin da aka ce ya fi raƙuma goma girma ƙarya ce, kuma a gaya wa wanda ya rubuta in ji ni.

Amma zakaransu duka shi ne mai koren bango, na kiwon awaki. Shi kaɗai ne nake iya yin gardama da shi, don tun ina tallan fura nake cikin awaki. Wani wuri in kama shi da ƙarya, wani wuri shi ya kama ni da jahilci. Na are shi ya fi a ƙirga.

To, Inna tana da wata jar akuya da take ji da ita fiye da ni, ban kuwa faɗi haka don wasa ba. Da damina akuyar ta kamu da zawo, ta rame, ta kwanta. Na duba littafi, na ware ta, na hana ta ɗanyar ciyawa, na ba ta busasshiyar harawa da ruwa mai ɗan gishiri, duk ba tare da na yi wa kowa bayani ba. Inna ta ga ina ta leƙa takarda ina leƙa akuya, ta ce, "Ke, mi ag cikin wanga abu?" Ni kuwa lokacin kaina ya kumbura, ina ganin daga ni sai Razdan, babban Baturen lardi. Na ce, "Maganin awaki na, Inna. Ba ki ganewa." Na soke littafin a jinka na tafi rijiya.

Ina dawowa, tun daga nesa na ji daka. Ba lokacin daka ba ne. Na tarar da Inna tsaye kan turmi tana haki, ga ƙwarya a gefe da ruwa, ga wani ɗan koren abu yana yawo a ciki.

Na ce, "Inna, mi kika daka?"

Ta ce, "Ai wanga rubutu na Nasara taurin kai gare shi awa masu shi. Na jiƙa, na cuɗa, na murza, ya ƙi wankuwa. Na malamanmu ko ruwa yat taɓa shi ya sauka. Shi na sa nid dake shi da dussa."

Na leƙa turmi. Babu komai sai ɗan guntun bango, ashe har ta kwashe. Na waiwaya, ga akuya tana lasar kasko, har da lumshe ido.

Na ɗora hannu a ka na kurma ihu. Inna ta ce, "Ke da bakinki kinka ce magani na. Magani ana ajiye shi cikin jinka ana kallo?" Na tsince guntun bangon daga turmi, na ƙulle a gefen zane.

Abin haushin, kwana biyu akuya ta miƙe tana tsalle. Labari ya bazu. Wata mai kawo mana nono daga ruga ta zo tana neman na shanu. Maƙwabciyarmu ta roƙe ni in aro na lissafi a daka wa mijinta a kunu. Wani tsoho kuma ya aiko a tambaye ni ko za a samu mai labarin tekun nan, a jefa a rijiyarsu da ta ƙafe. Ni kuwa ba abin da nake gani sai akwatin ƙarfe ana rufe shi a fuskata, da haƙoran mai fatu a waje.

Ran kasuwa na ɗaura wa akuya igiya, na ja ta har gindin tsamiya. Malam yana karɓar littattafai ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kaina na miƙa masa igiya.

Ya ce, "Baba, ina littahin?"

Na ce, "Ga shi nan, malam. Yana ciki. Ba abin da ya ɓace."

Da na ba da labari, maza suka yi ta faɗuwa kan tabarma. Mai fatu ya ce a sayar masa da fatar in an yanka, ai ta yi ilimi. Malam ya danne dariyarsa da hannun riga, ya ce doka doka ce, shi ma akwai na sama da shi da ke ƙirga abin da ke akwati. Ya kama murfi zai rufe.

Na dafe murfin da hannuna. Na ce, "Doka ta ce a maido littahi. To ba ni takarda da fensir, za ni maido shi. In ka ga ko tari guda na akuya ya ɓace a ciki, ka ruhe."

Ya ba ni littafin rubutu sabo, ya ce kasuwa uku. Ni da hannuna bai saba da komai ba sai muciya, na zauna ina zana baƙi ɗaya ɗaya kamar mai shuka. Inda na manta, sai in faɗa da ƙarfi ina laluben maganar. Nan ne Inna, tana zaune tana kaɗi, za ta ce, "Ƙarya na, ba haka aka yi ma akuya mai ciki ba." In tsaya in saurara, in ga tata ta fi ta littafin, in rubuta tata. Ashe tsohuwar da na ce ba ta ganewa ta fi mai koren bango sanin awaki nesa ba kusa ba.

Kasuwa ta uku na kai. Malam ya zauna ya karanta tun daga farko har ƙarshe, yana gyaɗa kai, wani wuri yana dariyar rubutuna da ya karkace kamar sawun kaza. Sa'an nan ya saka shi cikin akwati tare da sauran, ya tura mini akwatin a buɗe, ya ce in zaɓa. Mutanen Sabon Birni ma sun yi ta aronsa, na ji labari.

Inna kuwa har ta koma ga Allah tana nan kan bakanta cewa dakakken littafi ne ya tayar da akuyarta, kuma ban sake yi mata gardama ba. Laifin ba nata ba ne. Ta tambaye ni da hankali, na amsa mata da girman kai. Abin da na koya ke nan, kuma na sha gaya wa 'yan boko: in ka yi karatu, zauna ka karanta wa na gida su ji, ka kuma saurari tasu. In ka ce ba su ganewa, to za su gane maka shi ta hanyarsu, kuma turmi ba ya tambayar na wane ne.