Yatsan Kawu a Kan Sakamako

Kafin ya zama mai sikana, wato mai ɗaukar hoton takardu a na'ura, ɗinkin littattafai ya yi. A wannan sana'ar ce wuƙar yankan takarda ta tsaga masa farcen babban yatsan hagu, ya warke da ɓaraka a tsakiya, bai ƙara haɗewa ba. Daga baya ya samu aiki a ɗakin ajiyar takardu na hukumar makarantu, inda aka jibge kundayen sakamakon ɗalibai har kusa da silin. Abokan aikinsa suna ce masa Malam Tsaf, don duk abin da aka tambaye shi amsa ɗaya gare shi: "An yi shi tsaf."

Gab da ritayarsa aka kawo na'urar sikana mai kyamara a sama, aka ce a ɗauki hoton kowane shafi a ɗora a intanet kafin hukumar ta koma sabon gini. Shi aka danƙa wa aikin. Kundayen masu kauri ne, shafukan ba sa kwanciya, sai ya riƙa danne gefensu da hannun hagu, ya danna maɓalli da na dama. Allon kwamfutar da aka ba shi ƙarami ne, kowane hoto bai wuce kwalin ashana ba, ga shugaban sashe yana leƙowa kullum yana cewa a yi sauri. Bai taɓa buɗe ko ɗaya ya duba da kyau ba. Ya gama a kan lokaci, aka yi masa tafi, ya koma gida.

Tun daga nan ba a zama da shi bai kawo zancen ba. "Duk wanda ya yi makaranta a garin nan, da hannuna na sa shi a intanet." Matarsa takan ce, "Mun ji, Malam, shayinka zai huce."

Wata rana 'yar ƙanwarsa ta zo. 'Ya'yanta sun tasa, tana so ta shiga makarantar koyon jinya, amma takardar sakamakonta ta ɓace a wani tashi da suka yi. Makarantar ta ce ta buga kwafi daga shafin hukumar na intanet.

"Kawu, na gwada a wayata, fayil ɗin ya ƙi buɗewa. Wani farin akwati kawai nake gani."

"Wayarki ce ba ta da ƙarfi, ɗiyata. Tashi mu je shagon kwamfuta, ki ga aikin kawunki."

Har sabuwar riga ya sa.

Shagon cike yake da masu jiran layi. Mai shagon ya buɗe shafin hukumar, ya shigar da lambarta, ya ce irin wannan fayil sai an ɗan yi masa dabara kafin ya fito. Hoton ya fara saukowa daga sama a hankali: tambarin hukuma, sunayen darussa, sannan jerin ɗalibai. Malam Tsaf ya gyara tsayuwa. Mai shagon ya ƙara girman hoton, ya ja shi zuwa ƙasa inda sunanta yake.

A gefen shafin, daidai kan makin darussan kimiyya, wani ƙaton yatsa ne kwance, ya cika rabin allo. Har ɓarakar farcen ana gani, da baƙin tawada a cikinta.

"Ga mutumin namu kuwa!" in ji mai shagon, yana dariya. "Hajiya, ke ma ya zauna miki a kai. Wannan yatsan ya fi shugaban hukumar suna. Shekaranjiya wani ya yi masa Allah ya isa a kan kujerar nan."

"Wane marar kan gado ne aka ba aikin?" wani daga cikin layi ya tambaya.

A hankali Malam Tsaf ya zura hannun hagu cikin aljihun sabuwar rigar. 'Yar ƙanwarsa ba ta kalle shi ba, kuma rashin kallon ya fi masa ciwo. Da wannan hannun yake riƙe nata ya tsallakar da ita titi tana ƙarama, ba yadda za a yi ta kasa gane shi.

"Rufe kawai, mun gode," ta ce wa mai shagon.

A hanya ta yi ta ba shi labarin tarin da autarta ke yi. Da ya isa gida matarsa ta tambaye shi yadda aka yi, ya ce kansa ke ciwo, ya shige ɗaki.

Kwana biyu bai fita ko ƙofar gida ba. A na uku ya nufi sabon ginin hukumar. An canza shugaba, yanzu wata mata ce mai gilashi. Ya yi ta kame-kame, daga ƙarshe dai ya ɗora hannunsa a kan teburinta. Ta dubi farcen, ta dube shi.

"Ashe kai ne, Baba," ta ce, ba da faɗa ba. "Koke-koke sun yi mana yawa."

Ta ce an kwashe kundayen zuwa wani sito a bayan tsohon gini, ba wanda ya ƙara bi ta kansu. Ya roƙi makulli.

Abin da ya tarar ya sa shi zama a bakin ƙofa. Rufin yana yoyo, gara ta yi gini a jikin bango, kundayen a zube ba tsari. Ya shafe makonni yana ɗagawa yana kakkaɓewa. Sai da aka rufe karɓar ɗalibai na wannan shekarar sannan ya samo kundin da yake nema. Shafin ya sha ruwa, amma makin yana nan, kuma mai kyau ne.

Ya kai wa 'yar ƙanwarsa kwafin da kansa, ya tsaya daga bakin ƙofa kamar baƙo.

"Na jawo miki asarar shekara, ɗiyata."

"Shigo mana, Kawu. Shekara nawa na yi a zaune? Ɗaya ba za ta kashe ni ba."

Ta samu shiga a shekarar da ta biyo.

Shi kuma shugabar ta ba shi kujera a wani lungu, da allo babba da ƙarfen danne takarda. Yana zuwa kowace safiya, ya buɗe shafukan ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ya ware waɗanda ya ɓata, ya sake ɗaukar su. Wasu kundayen gara ta riga ta cinye, babu abin da za a sake ɗauka. Idan mai irin wannan shafin ya zo, ma'aikata sukan so su sallame shi daga teburin karɓar baƙi, amma Malam Tsaf yakan miƙe ya fita ya yi masa bayani da kansa. Wasu su juya su tafi, wasu su zage shi. Yakan tsaya har su gama.