Iya Tabawa da Ruwan Tafkin Gidan Makau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Maris, 2006, Allah Ya karɓi ran Iya Tabawa ta Gidan Makau, a ƙasar Bukkuyum. Labarin ya same ni a ɗakin gwaji a Sakkwato, sakamakon ruwan tafkinsu na hannuna. Tun daga lokacin na kasa zama wuri ɗaya.

Iya, shekara biyu ke nan da na fara zuwa garinku da kwalabe, ina ɗalibi mai auna gubar ƙarfe a ruwa da tsirrai. Da kika gane ban iya ruwa ba, kin yi mini dariya har da riƙe ciki. Ke da kika shekara arba'in kina cirar bado, kika karɓi kwalaben, kika ce in zauna a inuwa kada ɗan boko ya nutse a hannunki. Kika ciko su, kika kawo bado da kainuwa, kika dama mini fura.

Gwajin farko ya fito lafiya lau. Na tsaya gaban mai gari na faɗa da bakina cewa ruwan ba shi da illa.

Sai bana na tambaye ki inda kika ɗebo. Kika nuna can gabas, inda ruwa yake garau, nesa da mashaya, nesa da inda masu haƙar zinariya ke wanke dakakken dutse. Kika ce, "Haba ɗana, kana baƙona in ɗebo maka na laka? Mutane su ce mi?"

Laifina ne, Iya, ni da na zauna a inuwa ban tambaya ba. Ran nan na shiga da kaina na ɗebo a mashaya. Gubar dalmar da na samu a ruwan da saiwar badon ta firgita ni, amma na tsaya jiran sa hannun malamina har mako uku, ban sanar da ku ba. Ban san abin da ya yi ajalinki ba. Abin da na sani, jikokinki Hure da Haris suna shan ruwan nan yau, bisa maganata.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makoma. Ni ma Ya yafe mini. Abdullahi, Allah Ya ba ka haƙurin rashin mahaifiya, kai da iyalinka. Ina tafe, zan sake tsayawa gaban mai gari in janye maganata. Kafin in iso, don girman Allah, a hana yara tafkin, abincin sadakar bakwai kuma a dafa shi da ruwan rijiya.