Isma'il, wanda ya fi ni ido

Ina cikin motar Rusairis ranar Talata da hantsi ƙanen Isma'il ya kira ni. "Yaya, Isma'il ya rasu. Zazzaɓin kwana huɗu ne." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Shekara uku muna tebur ɗaya a wani ƙaramin kamfani a Damazin ta ƙasar Sudan, muna gina manhajar da manoma ke neman iri da ita, su kuma san ranar ban-ruwan gonakinsu. Ni nake ƙera maɓallai da shafuka, shi yake gwada su kafin a saki. Yau zan faɗi abin da ban taɓa faɗa masa ba: na yi masa hassada mai tsanani.

Sai in kwana biyu ina fama da maɓalli ɗaya, ya karɓa ya juya shafin daga Hausa zuwa Larabci, rubutu ya koma dama, maɓallin ya ɓuya bayan hoto. Ya ce, "Ya zol, kwayyis ne, amma da saura," wato mutumina, ya yi kyau, amma aiki bai ƙare ba. Bayan gwajin da kwamfuta ke yi da kanta, yakan ɗauki tsohuwar waya ya kai ƙauyensu, ya miƙa wa gwaggonsa tana dawowa daga gona, hannu duk laka. Yakan ce, "In Gwaggo ta danna sau biyu, mu muka yi kuskure, ba ita ba." Manoma suka riƙa cewa "manhajar Isma'il". Sunana ko sau ɗaya ban ji ba. Da aka naɗa shi shugaban sashe na yi masa barka da baki kawai.

Wata rana da gangan na bar aibi a shafin rajista, wanda ba ya bayyana sai an rubuta suna mai ƙ ko ɗ. Burina ya kuɓuce masa, ya ji kunya a gaban mai kamfani. Kafin azahar ya gano. Bai sa a rahoto ba. Ya jawo kujera kusa da ni, ya rage murya: "Wannan ba irin kuskurenka ba ne, ka fi ƙarfinsa. Gyara, mu je mu ci abinci."

Ya sani. Bai sake ta da maganar ba, ni kuma girman kai ya hana ni neman afuwarsa. Har wannan haƙurin nasa sai da na yi wa hassada.

Allah ya jiƙan Isma'il, ya haskaka kabarinsa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba mahaifiyarsa da matarsa Maryam haƙuri, ya raya 'ya'yansa mata biyu. Ni kuma, ya Allah, ka yafe mini abin da ban samu na roƙi Isma'il gafara a kansa ba. Amin.