Silifas a Bayan Ƙofa

Mai Zane bai taɓa zana abin da ba ya gabansa ba. Haka aka koya masa. Yana ɗan shekara goma sha huɗu kawunsa ya kai shi shagon wani tsoho mai zana hotunan mutane, ya shekara biyu yana wankin burushi da dama fenti. Da aka ba shi fensir, kofi ɗaya mai tsagaggen baki aka ajiye masa, ya yi wata shida a kansa. In ya ɗauke ido ya zana daga ka, sai tsohon ya ƙwanƙwashe shi, ya ce a nan shagon ba a zana zato.

Da wannan ya ci abinci shekara talatin. Malaman makaranta, ma'aurata, tsofaffin ma'aikata, kowa ya zauna a kujerar gefen taga, ban da matarsa. Duk sanda ya ce ta zauna, sai ta yi dariya ta ce tukunya na kan wuta, kuma fuskar da yake gani kyauta kullum ba ta bukatar fenti. Ya ce to, wata rana. Ran wata Talata Allah Ya karɓi abarsa.

Bayan wata huɗu autarsu ta samu aiki a wani gari, ta roƙe shi ya zana mata Mama don ta tafi da zanen. A hotunan waya duk marigayiyar ta kare fuska da hannu. Ya amsa da to.

Sau bakwai yana farawa. Fuska na fitowa tsaf, amma hancin na wata malama ne, bakin na matar maƙwabci. Bai yi kuka ba. Shafewa yake da farin fenti, ya yi alwala, ya je masallaci, ya dawo ya zauna.

Saura kwana uku tafiyar, idonsa ya faɗa kan silifas ɗinta a bayan ƙofa, inda ba wanda ya iya ɗaukewa. Na hagu ya fi cinyewa a dunduniya, saboda ƙafar da take ja. Igiyar na dama da ƙusa aka riƙe ta. Ya ɗora su kan kujerar gefen taga, ya zana su a allo.

Auta ta daɗe tana kallon allon.

"Baba, ai fuska na ce."

"Na neme ta, ban samu ba. Wannan ne a gabana."

Ta ɗora yatsa kan dunduniyar hagun. Da fentin ya bushe ta naɗe allon cikin mayafinta ta sa a akwati. Shi kuwa ya mayar da silifas bayan ƙofa, ya zauna wankin burushi.