Munduwar Gwaggo

Ni dai bakina ya fi hankalina sauri, kuma har yau da furfura ta fara cin gemuna ban warke ba.

Shekara shida na yi a Yamai ina sayar wa Turawa masu yawon buɗe ido kayan tarihi. A can na koyi gane hauren giwa. Na gaske yana da nauyi, ka ɗora shi a kumatu ka ji sanyi, ka duba gefensa ka ga layuka siri-siri sun gitta juna kamar saƙar tabarma. In gardama ta yi tsawo, sai a gasa allura ta yi ja a dangana. Haure ko gezau, roba kuwa narkewa take. Da Turawan suka ɗauke ƙafa na dawo Dogon Dutsi na buɗe shago, ilimin nan na ta yi mini ƙaiƙayi, ba wanda zan nuna wa.

Ranar sunan ɗiyata ta fari, Gwaggo, ƙanwar babana, ta zo daga Sukukutane. Allah bai ba ta haihuwa ba, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Abin da ya bar mata shi ne farar munduwa da ba ta rabuwa da hannunta. Kaf danginmu ba wanda bai haddace labarin ba: lokacin da ƴan'uwansa suka taso shi gaba a kan ya sake ta tunda ba ta haihuwa, sai ya tafi fatauci Kano, ya dawo da munduwar hauren giwa, ya sa mata a gabansu. Daga ranar ba wanda ya ƙara tayar da maganar.

Da hantsi mata na tsakar gida suna aikin abinci, ta sake ɗauko labarin, ta ce ɗiyata za ta bar wa munduwar. Na karɓa in gani. Tun a tafin hannu na ji ba nauyi. Da na yi shiru na mayar mata, da shi ke nan. Ina! Sai na ce a miƙo mini allura. Matata ta harare ni, na yi kamar ban gani ba. Na gasa allurar a murhu, na dangana wa munduwar daga ciki. Allura ta shige sumul, warin roba ya tashi, har mai tuƙa tuwo ta toshe hanci.

Gwaggo ba ta yi faɗa ba. Ta karɓi abarta ta daɗe tana kallon ɗan baƙin ramin, sannan ta ɗago.

"Ɗan nan, kai da ka san kan abin, shi marigayin ya sani?"

Nan ne Allah ya ba ni ƙofar fita, na sa ƙafa na rufe ta. Mata sun zuba mini ido, ni kuma ina jin kaina malami. Na ce ai mutumin da ya shekara ashirin yana fatauci, da wuya a ce bai san roba ba.

Ta ce, "To."

Da la'asar da za ta tafi tasha, ta ajiye munduwar kusa da jaririyar, ta ce in haƙora suka fara mata ƙaiƙayi a ba ta ta ciza. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma waɗanda ke zaune da ita sun ce ba ta sake ba da labarin nan ba.

Kunya ta hana ni zuwa Sukukutane sai ranar jana'izarta. Abin da ke cina kuwa, ban taɓa gaya wa ko matata ba. Ni kaina, da duk ilimin nawa, sau biyu ana sayar mini da roba a matsayin haure a Yamai. Kuma ban manta da haka ba lokacin da nake ba ta amsa.